Daga Ɗorawa Zuwa Rafi

Yanzu idan na tsaya a gonarmu da hantsi, ƙarar injin buga bulo nake ji. Daga bayan Samaru take tasowa, gau, gau, gau, ba ta tsayawa sai mai ya ƙare. Shekarun baya sai iska ta juyo nake jin ta can nesa. Bana kuwa har gardamar masu zuba yashi tana iso ni. Gidajen hayar ɗalibai sun cinye gonar maƙwabcina na gabas, sun cinye ta bayansa, ga su nan suna leƙen tawa ta kan katanga. Duk wannan na daure. Abin da ya hana ni sakewa shi ne turakun ƙarfe masu jan fenti a ka, waɗanda na tarar wata Litinin da safe an jera su daga gindin ɗorawa har bakin rafi. Wani mai gina ɗakunan haya ne ya aiko aka kafa su ran Lahadi, muna coci. Ya ce ya sayi wurin, kuma waɗanda suka sayar masa sun ce fili ne da ba mai noma shi. Wurin da ake cewa ba mai noma shi kuwa shi ne kwarin gonarmu, inda nake lambun rani, inda tumatir da albasa ke riƙe gidana daga kaka zuwa damina. Idan ya tafi, tudun da zai rage ba zai ciyar da mu wata huɗu ba.

A wannan wurin, da, gangar noma ake ji da hantsi. Mahaifina, wanda kowa ke kira Dogo, gonarsa ta fara daga wata kuka a kan tudu, ta bi ta ɗorawa a tsakiya, ta gangara rafi. Ba takarda, ba turke. Gamba ce iyaka, an dasa ta layi tun zamanin kakana, kuma ko yaron da ke kai abinci gona ya san inda ta Dogo ta ƙare. Ba ma auna gona da igiya. Cewa ake yi gonar wane gayyar mutum talatin ce daga safe zuwa azahar, kowa kuma ya gane girmanta. Idan Baba zai yi gayya, sai ya bi gida gida da goro. Tun ana gobe turmi ke tashi a gidanmu, Inna da maƙwabtanta suna dakan tsakin dambu, ƙanshin tsamiya ya cika tsakar gida. Da gari ya waye sai ka ga maza sun jeru a bakin gona, garma a kafaɗa, raɓa ta jiƙa musu ƙafar wando. Ba mai sara ƙasa sai Sarkin Noma ya kama kunyar farko. Daga nan makaɗi ya bi bayansu, yana kiran jarumi da sunansa, yana kiran rago da sunan matarsa, kowa na dariya yana haki. Idan azahar ta yi Musulminmu su gangara rafi alwala, mu 'yan coci a bar mu da kwanukan abinci. Sarkin Noma yakan waiwayo ya ce, “Ku 'yan mishan, na ƙirga kwanukan, in na dawo zan sake ƙirgawa.”

Ita ce ƙungiyarmu a lokacin, ko da yake ba wanda ya kira ta haka. Ba ta da kati, ba ta da ofis. Idan mutum ya kwanta ciwo da gonarsa ake farawa. Idan ya mutu, a yi wa matarsa huɗa shekara uku ba tare da ta raba goro ba. Duk abin da ya shafi gona a bakin mutane yake, kuma mutanen suna nan, kullum kana ganinsu. Ban taɓa tunanin za a wayi gari a neme su a rasa ba.

Shekarar da aka fara ba ni kunya tawa a layin manya, ita ce shekarar da abin da zan faɗa ya faru. Muna cikin kwari, aiki ya yi zafi, ni ina ƙoƙarin kada makaɗi ya kira sunana, sai gangar ta yi shiru. Na ɗaga kai. Wani malami ne sanye da kaki ya jingine kekensa a gindin ɗorawa, ga babban littafi a hammatarsa, ga ɗan aiken dagaci a bayansa. A wancan zamanin duk wanda ya zo da littafi yana tambayar gona, haraji ake jin ya kawo shi. Ko shi ma abin da ya kawo shi ke nan, har yau ban sani ba. Baba ya ajiye garma, ya goge hannu a riga, ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Malamin ya tambaye shi ina gonarsa ta fara, ina ta ƙare. Baba ya nuna kuka, ya nuna ɗorawa, ya ce, “Iyakarta ke nan, ranka ya daɗe. 'Yar kaɗan ce.”

Malamin ya dubi kwari, inda mutum talatin ke tsaye cikin sabuwar huɗa, gumi na zuba. Ya ce, “To wannan da kuke nomawa fa, ta wa ce?”

Sai Sarkin Noma ya tako, ya dafa garmarsa, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, “Wannan ta Allah ce, malam. Jini kawai muke motsawa.”

Malamin ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya rubuta abin da ya rubuta, ya hau kekensa. Sai da ya sha kwana aka fashe da dariya, har makaɗi ya zauna a kan kunya yana riƙe ciki. Da yamma muna komawa gida Baba ya kama kunnena, ba don ya ji mini ciwo ba, don in saurara. Ya ce, “Ka ga abin da na yi yau? Duk ran da mai alƙalami ya tambaye ka gona, ka ba shi rabi. Ba don ya taya ka noma yake rubutawa ba.” Baba ya koya mini abubuwa da yawa na manta, amma wannan ya zauna daram.

Shekaru suka yi ta tafiya. Aka daina haraji, gayya ta ja baya, samari suka koma acaɓa da aikin gini. Baba ya rasu, makaɗi ya rasu, ɗansa ya sayar da gangar. Noma ya koma na takin zamani, taki kuma sai mai hanya ke samu. A haka ne, bayan an koma mulkin farar hula, muka ji labarin wata ƙungiyar manoma ta ƙasa baki ɗaya, mai hedikwata a Abuja, ta buɗe reshe a Sabon Gari. Aka ce za ta ba kowa kati, ta nemo mana taki, ta tsaya wa manomi idan an taɓa shi. Ranar rajista aka kafa tebur a ƙofar gidan mai unguwa. Sakataren reshen saurayi ne mai fara'a, ya yi makarantar aikin gona, ga shi da haƙurin bayani. Da layi ya zo kaina ya tambayi sunana, ya tambayi abin da nake shukawa, sannan ya ce, “Baba, gonarka eka nawa ce?”

Na san eka. Wani malamin gona ya taɓa taka mini ita, ya ce ta kai biyar. Amma da na ga bakin alƙalami a kan takarda sai na ji kamar an kama kunnena. Na ce, “Biyu ce. Daga kuka zuwa ɗorawa.”

Ya ɗago ya ce, “Ka tabbata, Baba? Wannan fa ba haraji ba ne. Don amfaninku ake rubutawa.”

Dattawan da ke bayana suka kalli juna suna murmushi. Ai mai haraji ma haka zai ce. Na dangwala babban yatsana a tawada, na manna inda ya nuna. Kusan dukanmu haka muka yi ran nan, mai shida ya ce uku, mai huɗu ya ce ɗaya da rabi. Muka koma gida muna yabon wayon juna. Da taki ya zo aka raba shi bisa eka, kowa ya samu rabin abin da gonarsa ke bukata. Maimakon mu gane, sai muka ce ga shi nan, da ma mun faɗa, masu takarda ba su da amana.

Matata ce ta tura ni ajin manya na koyon karatu. Ta gaji da kai wa maƙwabta takardar asibiti su karanta mana. Ajin a zauren wani coci yake a Sabon Gari, Talata da Alhamis bayan la'asar. Mu goma sha wani abu ne, da masu faci, da mata 'yan kasuwa, da wani tsohon direban tirela da ke riƙe fensir kamar sitiyari. Malamarmu ba ta gaggawa, ni ma ba na yi. Shekara biyu na yi kafin in iya karanta layi ban sa yatsa a ƙarƙashinsa ba. Ban san ranar da zan bukaci karatun tana tafe ba, kuma ban san abin da zan fara karantawa da shi ba.

Washegarin da na ga turakun na hau mota zuwa ofishin ƙungiya. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, ƙarƙashinsa shagon kayan gyaran babur, hayaƙin janareto na shigowa ta taga. Sakataren ya saurare ni har na gama. Ya ce kada in tada hankalina, irin wannan ne aikin ƙungiya. Akwai kwamitin sasanci da zai zauna kan maganar filayen bakin rafin bayan an gama girbi, ƙungiya za ta tura wakili, kuma kwamitin ya yarda ya karɓi rajistarta a matsayin shaidar wanda ke noma ina. Na ji sanyi a raina. Ya jawo babban littafi, ya yi ta buɗawa, sannan ya tsaya. Ya juyo da littafin wajena, ya ce, “Bari in karanta maka.”

Na ce, “Bar shi, ɗana. Zan iya.”

Na ga sunana. Na ga dawa, masara. Na ga eka biyu. Na ga daga kuka zuwa ɗorawa. A ƙarshen layin ga yatsana, shuɗi, ya fito sarai kamar jiya na manna. Takardar hukuma ta farko da na karanta da idona ke nan, ba wanda ya taya ni, kuma ƙaryata ce a ciki. Mai ɗakunan haya bai ma bukatar kawo shaida. Ni da kaina na riga na shaida masa cewa kwarin ba nawa ba ne.

Sakataren ya ce, “Baba, na tambaye ka sau biyu ran nan.”

Na ce, “Ka tambaye ni.”

“To me ya sa?”

Na ce, “Babana ne ya ba ka amsa, ba ni ba.”

Bai gane ba, sai da na ba shi labarin malami mai keke. Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya, don ya tuna littafin nan cike yake da irina. Ya ce hanya ɗaya ce. Akwai fom na gyara. Sai a auna gonar, sai dattijon da ya san iyakarta tun da daɗewa ya tsaya a wurin ya shaida, a rubuta maganarsa, ya sa hannu. Daga nan takardar ta je Kaduna, ta wuce Abuja, uwar ƙungiya ta buga hatimi, ta dawo kafin kwamiti ya zauna. Ya ce, “In ba dattijo, fom ɗin takarda ce kawai. Wa ya rage?”

Na sauko daga benen ina ƙirga mutanen gayya da yatsuna. Wannan ya rasu, wannan ya rasu, wannan ya koma Ikara ba a san inda yake ba. Cikin mutum talatin, ɗaya ya rage wanda hankalinsa ke tare da shi. Sarkin Noma ne, mutumin da ya ce gonar ta Allah ce.

Na same shi a Dogarawa, a gidan 'yarsa, zaune kan buzu a zaure. Idonsa ya yi hazo, amma da na yi sallama ya ce, “Muryar Dogo ce wannan. Kai ne, ɗan mishan? Ka kawo mini dambu?” Na ajiye masa goro, muka gaisa, ya tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya. Da na faɗa masa maganar turaku ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce wane ɗan banza ne zai ce kwarin Dogo ba mai shi, shi da ya yi huɗa a wurin damina ta fi ashirin. Na ce to abin da nake so ya faɗa ke nan, a gaban sakataren ƙungiya, a rubuta.

Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce, “A rubuta? Wa zai rubuta?”

“Sakatare, Baba Sarki. Yaron kirki ne.”

“Yana da littafi?”

“Yana da shi.”

Ya kau da kai ya ce, “Ka ce masa na tsufa, ban san komai ba.”

Sau uku ina zuwa Dogarawa. Na yi masa bayani cewa an daina haraji tun kafin a haifi jikokinsa. Ya ce haka suke cewa. Na ce ƙungiyar tamu ce, ta manoma. Ya ce ƙungiyar manoma da ya sani ganga gare ta, ba littafi ba. Ban ji haushinsa ba. Yaya zan ji, alhali ni ma abin da ya kai ni ga wannan halin ke nan? Ina komawa gida kowace rana ina duban dawa tana nuna, ina sane cewa kowane kan da ya sunkuya yana matso da ranar kwamiti. A zuwa na uku na daina roƙonsa ya yi magana. Na ce ya zo kawai ya ga gonar abokinsa kafin a zuba mata bulo. Sai ya ce a miƙo masa takalmansa.

A keke mai ƙafa uku muka kai shi. Sakataren na jiran mu a gindin ɗorawa da igiyar awo da fom. Tsohon ya cire takalman da ya sa aka miƙo masa, ya ce ƙafa ta fi ido sanin gona. Ya dafa kafaɗata muka gangara. Yana tafe yana laluben ƙasa da yatsun ƙafa, sai ya tsaya ya ce, “Tona nan.” Na tona, sai ga saiwar gamba. Ya yi gaba, ya ce nan ne makaɗi ya faɗi da dariya, nan ne kunama ta harbi wane, nan ne aka ba ka kunyarka ta farko ka yi ta karkace kamar hanyar maciji. Sandarsa ta bugi turken ƙarfe, ya tsaya ya shafa shi, ya yi tsaki. Har rafi ya kai mu, bai kuskure taku ɗaya ba. Sakataren na biye da igiya, yana auna abin da tsohon ya taka.

Da muka dawo inuwa sakataren ya cire murfin alƙalami, ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, daga ɗorawar nan zuwa rafi, gonar wa ce?”

Tsohon ya ji ƙarar murfin. Ya ɗaga kai sama, ya gyara zama, na ga bakinsa ya fara haɗa amsar da na sani. Ya ce, “Wannan ai ta Al…”

Ban san lokacin da na miƙa hannu na karɓe alƙalamin daga hannun sakatare ba. Na ce, “Baba Sarki, ba shi zai rubuta ba. Ni zan rubuta.”

Ya juyo wajen muryata. “Kai? Yaushe ka zama malami?”

“Shekara biyu ke nan ina koyo.”

“Miƙo hannun in ji.” Ya laluba yatsuna, ya ji kantar garma, ya ji alƙalamin a tsakaninsu. Ya riƙe su ya daɗe. Sannan ya ce, “To rubuta. Amma a hankali, kada ka karkace kamar kunyarka. Gonar Dogo ce, daga kuka har rafi. Dogo ya gada wajen ubansa, ya bar wa ɗansa. Ni na yi mata huɗa, kuma ni na yi wa malami ƙarya a kanta, Allah ya yafe mini.”

Na ce, “Har ta ƙarshen in sa?”

Ya ce, “Sa mana. Ai ita ce ta fi gaskiya.”

Na ɗora fom ɗin a kan gwiwata na rubuta, harafi bayan harafi, gumi na ɗiga a gefen takardar. Layi huɗu suka ɗauke ni lokacin da za a yi kunya goma. Na karanta masa, ya ce haka ne, ya dangwala yatsa. Ni kuma a ƙasa na rubuta sunana.

Takardar ta tafi mako biyar ke nan. Sakataren ya ce ta bar Kaduna, amma ba a ce ta isa Abuja ba. Duk Juma'a nakan hau benen nan in tambaya, ya ce in ƙara haƙuri, ni kuma haƙuri ne abin da na fi iyawa, sai dai bana ya yi mini nauyi. An fara yankan dawa. Ko da hatimin ya dawo a kan lokaci, ban san abin da kwamiti zai ce ba idan ya ga takarda biyu daga hannun mutum ɗaya, ɗaya ta ce biyu, ɗaya ta ce biyar. Matata ta ce kada in ɓata irin tumatir a wurin da ban san makomarsa ba. Na ji maganarta, amma na yafa irin a bakin rafi, tsakanin turke na bakwai da na takwas. Idan ba a ga lambu a wurin ba, maganar mai ɗakunan haya ta zama gaskiya. Maƙwabtana uku da muka yi wayo tare ran rajista sun zo sun tambaye ni yadda ake cika fom ɗin gyara. Biyu daga cikinsu ba su da dattijon da ya rage.

Jiya ina ban ruwa sai ga wata ɗaliba daga jami'a, da jaka a baya da takarda a hannu, irin waɗanda ke yawo gonaki suna tambayoyi don karatunsu. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, “Baba, gonar nan eka nawa ce?” Ta ɗora alƙalami a kan takarda tana jira. Wallahi sai na ji kunnena ya yi zafi, harshena ya kama hanyar biyu. Na haɗiye. Na ce, “Biyar ce, 'yata. Daga kukar can har rafin nan. Juyo da takardar in ga abin da kika rubuta.”